Marsandin Baba: Ba Turi, Ba Ja

Gagulmari, Haɗejiya
Watan Maris

Zuwa ga aminina kuma bawana, Bakari ɗan Fulani, a karar shanu ta Agege.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga bawansa mai biyayya, da fatan kana lafiya kai da Adila da yara. Yaya gwiwar nan taka, ta daina ƙara in za ka yi sujada? Yaya Ikko da cunkosonta? Mu nan alhamdu lillahi. Zafi ya kama, kogi ya ja baya, mutane duk sun koma fadama.

Za ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin bandar tarwaɗa a wannan zamani na waya. Kai ka jawo. Duk saƙon muryar da na aiko maka sai ka buɗe shi a tsakiyar kara, ka ƙure sauti, dillalai da mahauta da shanu su saurara tare da kai. Maganar da zan yi ta gida ce. Na kuma san ko takardar ta faɗa hannun danginka, babu mai iya karanta ta.

Ka tuna Marsandin Baba, mai ruwan madara, mai shan gas? Wadda in Alhaji Haruna Mai Kifi ya shigo kasuwa da ita masu banda suke miƙewa tsaye ba su san sun miƙe ba? Ita da ka taɓa shiga da takalmi mai kashin shanu, Baba ya sa ka wanke dardumar da hannunka. Tun rasuwarsa tana cikin gareji, Iya ta hana a saka ta a rabon gado. Da ambaliyar bara ta shigo unguwa, ruwa ya zauna a cikinta har saman kujeru, ya daɗe bai fita ba. Yanzu taɓo ya bushe a ƙasanta ya tsattsage, tayoyi sun kwanta, ɓeraye sun yi gari a kujerar baya. Amma jikinta, Bakari, ko tsatsa ta ji nauyinsa. Gefen ƙofofi kawai ta ɗan lasa.

To, Yaya Abdulganiyyu yana son garejin. Ka san injin casar shinkafarsa ya bunƙasa, yana neman inda zai cike ƙasa ya ɗaga, ya yi sito. Ban ce ba shi da hujja ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wanda ya kira: Shu'ibu ɗan gwangwan. Na dawo daga kasuwa na tarar da shi yana zagaya ta yana kallon da mahauci yake yi wa sa, yana harbin ƙofa da ƙafa don ya ji kaurin ƙarfen. Ya riga ya raba ta a ransa: inji gefe, tagullar waya gefe, sauran a daddatse a loda zuwa Kano.

Na isa daidai lokacin da bakin Yaya ya buɗe zai ce ya sallama. Shekaru nawa ina dillanci, na san in kalmar nan ta fita ba ta komawa. Sai na yi wani tari mai tsawo, na riƙe ƙirji, har Shu'ibu ya miƙo mini ruwa. Da na huce na tuna wa Yaya cikin ladabi cewa kayan da ba a raba ba mutum ɗaya ba ya sallama shi, kuma mai ɗakin da ta hana rabon tana ciki tana jan carbi.

Muka je gaban Iya. Ta saurari Yaya, ta saurare ni, ba ta ɗaga kai ba. Ka san yayarta, Inna Bashira ta Kafin Hausa, tana kwance, idanunta kuma sun tafi. Iya ba ta gan ta ba tun kafin ambaliya, don ta rantse bayanta ba zai sake shiga motar haya ba, a kife ta tsakanin buhuna. Sai ta ce in motar ta kai ta wurin ƴar'uwarta ta dawo da ita kafin kogi ya cika ya yanke hanya, to ta zauna a gidan nan muddin ranta. Ga yadda ta faɗa, na riƙe shi kalma-kalma:

"Ba turi, ba ja, kuma kada ta mutu mini a hanya. In ta kasa, Shu'ibu ya zo da gatarinsa."

Yaya ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce ya yarda bakina zai iya sayar da gurgun sa a matsayin na huɗa, amma bai taɓa jin inda surutu ya tada inji ba. Ban tanka ba. Kai ka san in na yi shiru a ciniki, na ga abin da nake so ne.

Ga abin da nake nema. Ka shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo, ka nemo mini hita, abin ɗumama inji kafin ya tashi, na irin wannan mota, da matatar mai, da tauraron nan na kan bonet, don namu wani ɗan albarka ya cire shi. Na rubuta lambar jikin injin a bayan takarda. Ka nuna musu kawai, kada ka ce za ka yi bayani, su gane daga ruga ka fito.

Kifin na Adila ne, ba naka ba. Iya tana gaishe ka, matata Zulfa ma haka.

Ubangidanka,
Badamasi


Gagulmari, Haɗejiya
Watan Mayu

Bakari, bawan kirki.

Sallama da gaisuwa, da fatan jikinka da na iyali lafiya ƙalau. An ce farashin shanu ya sauka a wajenku, Allah ya sa ba naku ne suka rame ba. Saƙo ya iso, na gode ƙwarai. Tauraron ya yi kyau har na ji tsoron barinsa a waje, yana kwana a aljihuna.

Ta tashi, Bakari. Na so in ja maka rai zuwa ƙarshen takarda, na kasa.

Bari in ba ka daga farko. Makanikan bakin tasha duk sun ƙi ta. Yaran yanzu in ba su ga inda za su soka kwamfuta ba, sai su ce mota ta mutu. Sai na yi tunani irin nawa: wa ya fi kowa sanin injin gas a ƙasar nan? Masu gyaran injin ban ruwa da na niƙa. Na ɗauko Yunusa daga bakin fadama, wanda in inji ya kwana a cikin kogi shi ake kira. Ya leƙa ya ce ai wannan injin ban ruwa ne da aka sa wa riga. Mai, iska, ruwa, shi ke nan. Na ji daɗin maganar, ban san za ta dawo mini ba.

Muka sauke tanki muka wanke, abin da ya fito ciki kamar kunun kanwa. Muka zubar da baƙin mai, muka sake, muka sake zubarwa. Lagireto muka kai aka huda aka wanke. Ni da hannuna na kwashe taɓon ƙasanta da cokalin magina, kwana da kwanaki, har Zulfa ta ce ta auri dillali an musanya mata da mai haƙar rijiya. Kujerun na kai wa dukawa. Sun ce su jaka da sirdi suka sani, na ce to ku ɗauka sirdi ne na mutum uku. Suka cire abin da ɓera ya bari, suka cusa sabo, suka ja jan fata a kai. In ka zauna sai ka ji kamar ka ba wani umarni. Katakon gaban nan mai sheƙi kuwa, na fara shafa masa man gyaɗa, tururuwa suka yi mini taron suna a kai, na koma man darbejiya.

Akwai wasu siraran bututai na roba, masu launi-launi, da suka bi ko'ina a cikin bonet kamar jijiyoyi. Ɓera ya ci rabinsu. Yunusa ya ja ɗaya ya busa, ba mai a ciki, ba ruwa, ba wuta. Ya ce abin da babu komai a cikinsa ba ya aikin komai, ƙyale-ƙyalen Turawa ne. Ya bar babban da ya tafi wajen birki, sauran ya fizge ya toshe ramukan da ƙusa. Ni ma na gyaɗa kai kamar na sani.

Ranar tashi da safe muka aro batirin tarakta. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sai ta saki wani baƙin hayaƙi da ya kori kajin Iya har maƙwabta. Daga nan ta kama. Sautin nan, Bakari, kar-kar-kar a hankali, kamar dattijo yana taunar goro. Iya ba ta fito ba, amma Zulfa ta ce ta ajiye carbi ta kasa kunne har muka gama. Yaya ya leƙo daga zaure, ya ce hayaƙin zai ɓata masa shinkafa, ya koma.

Yanzu ga abin da ya sa ba na so kowa ya ga takardar nan. Shekaranjiya na fita gwaji ni kaɗai, na bi hanyar Malam Madori. Tafiya kamar a kan tabarma. Na tsaya a gindin wata tsamiya don in sa tauraron in ga yadda yake a rana. Na murɗa makulli, na zare, na fito, na rufe ƙofa. Na yi taku kaɗan sai na ji kar-kar-kar a bayana. Na duba hannuna, ga makulli. Na duba mota, tana aiki abinta. Na karanta abin da ya zo bakina. Wani mai amalanke ya tsaya yana kallo, sai na jingina da ita na ce masa irin su haka suke, sai sun ga dama.

Na dawo na sami Yunusa. Mamakina ne ya ba shi mamaki. Ya ce yo da me ake kashe inji in ba da hannu ba? Ya buɗe bonet ya nuna mini wani ɗan jan hannu a jikin famfon mai, ya danna, ta yi shiru. Ashe duk kwanakin nan a nan yake kashe ta, kamar yadda yake kashe kowane inji a bakin kogi, bai taɓa kawo wa ransa cewa aikin makulli ne ba. Da na tambayi wani tsohon direban babbar mota, sai ya ce bututan nan da muka zubar iska suke ja, kuma iskar ce ke kashe inji in an murɗa makulli.

Saboda haka ka koma Ladipo ka nemo mini bututan. Ka haɗa da kik, abin tada injin. Namu da safe yana tada ta lafiya, amma in inji ya yi zafi sai ya ƙi juyawa, sai ta huce rabin yini. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, don Iya ta ce ba turi.

A gaida Adila. Ka ce mata in kun zo Sallah za ta zauna a baya, kai kuma a but.

Naka,
Badamasi


Gagulmari, Haɗejiya
Ƙarshen Yuni

Bakari.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, iyali lafiya, don ina so ka kasance da ƙoshin lafiya lokacin da za ka karanta abin da zan ce maka. Mun sami ruwa, an yi shuka, gero ya fito.

Kik ɗin da ka aiko na mai shan fetur ne. Na ba ka lamba, na ce kada ka yi bayani. Na tabbata ka tsaya ka yi bayani. Yunusa ya juya shi ta kowace fuska ya ƙi zama, yanzu Zulfa tana danne murfin tukunya da shi. Ban yi fushi ba. Mutumin da ya tashi yana bambance saniya da ƴar'uwarta ta kalar kunne, ba za a ce ya bambance ƙarfe da ƙarfe ba. Ka mayar da hankali ka sake nema, ko da yake na san ba zai iso kafin tafiya ba. Kogi ya fara ɗagowa, Iya ta sa rana, mako mai zuwa.

An gama fenti. Na tsaya a kan mai fentin har ya haɗa ruwan madarar nan daidai, don na kai masa murfin tankin mai, inda rana ba ta taɓa ci ba, na ce wannan nake so. Da na ratsa kasuwar kifi da ita, wallahi akwai tsofaffin da suka miƙe. Wani ya bi ni har bakin titi yana tambaya ko sayarwa ce. Karo na farko a rayuwata aka taya kaya a hannuna na ji haushi.

Amma Yaya ya san zancen kik. Yunusa ba mugu ba ne, sai dai in aka saya masa shayi mai kauri zai faɗa maka har abin da ke cikin tankin uwarsa. Ban ji daga bakin kowa ba, a fuskar Yaya na karanta. Mutumin da ya ce ko gawarsa ba za a sa a wannan akwala ba, jiya ya same ni da fara'a ya ce zai raka Iya, zumunci ya wajaba. Ya ce a gaba zai zauna, kusa da ni. Ya ce kuma ba za mu daɗe ba, a gaisa, a yi azahar, a juyo, saboda hadari. Ka gane? A kashe ta tana da zafi a ƙofar gidan Inna Bashira, a fito bayan ɗan lokaci ta ƙi tashi, sai turi. Shu'ibu ma na ga ya wuce ta ƙofar gida sau biyu yana rage tafiya.

Na tambayi Yunusa a hankali me da me ya faɗa a wurin shayi. Ya lissafa duka: kik, yoyon baƙin mai kaɗan, gilashin baya na hagu da ba ya sauka. Na ce ba wani abu kuma? Ya ce ai sauran duk lafiya lau. Na saya masa wani shayin.

Bututan da ka aiko sun yi daidai, a nan ka yi ƙoƙari. Suna ƙarƙashin gadona cikin ledarsu. Na yi nazarin maganar Iya kamar yadda nake nazarin bakin mai saye, ban ga inda ta ce dole motar ta iya mutuwa ba. Cewa ta yi kada ta mutu. Na cika tanki, na kuma sa jarka biyu a but.

Ban yi wa kowa ƙarya ba, Bakari. Ba a tambaye ni ba ne. Ka taya ni da addu'a, ta Fulani ma Allah yana karɓa.

Ubangidanka mai haƙuri da kai,
Badamasi


Gagulmari, Haɗejiya
Watan Yuli

Aminina Bakari,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka da duk wanda ke ƙarƙashin rufinka. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, Adila da yara suna lafiya. Mu nan ruwa ya yi yawa, ciyawar kachala ta toshe rafuka, masu kwale-kwale sun fara gyara kayansu. Ka nemi wuri ka zauna, ka kori dillalan nan daga bayanka.

Mun tashi da hantsi. Ta kama a bugu ɗaya. Iya ta fito da mayafinta na zuwa unguwa, ta tsaya ta dubi motar daga gaba har baya, ta shiga ta zauna a gefen da take zama da. Yaya ya shigo gaba da babbar riga, yana ta yaba kujeru da murya mai daɗi, irin yabon da ake yi wa ragon da an riga an wasa wuƙa.

Bayan mun haye gada ruwa ya riga ya fara lasar hanya a wurare biyu. Na sa giya ta ƙasa na shiga a hankali, ta ratsa tana tura ruwa gefe da gefe. Wata ƙaramar mota sabuwa fil tana gefe an buɗe mata baki, masu ita sun naɗe wando. Ban kalle su ba. To, na ɗan kalle su.

Muka isa Kafin Hausa, na tsaya a inuwar darbejiyar ƙofar gidan Inna Bashira. Iya ta sauka, mata suka tare ta da guɗa suka shige. Ni kuwa na zauna ban taɓa komai ba. Yaya ya yi gyaran murya ya ce ba tarbiyya ba ce a bar inji yana ƙara a ƙofar marar lafiya, ga kuma tsadar gas. Na ce gaskiya ne. Ban motsa ba. Sai ya miƙo hannu ta gabana, ya murɗa makulli, ya zare, ya jefa aljihu, ya fita yana gyara hula.

Na so a ce kana wurin. Ya yi taku uku ya tsaya. Ya juyo a hankali. Ya laluba aljihu ya ciro makullin ya duba, kamar ko na wani gida ya ɗauko. Ita kuwa tana ta kar-kar-kar, ko sautinta bai canza ba. Masu zaman dakali suka taso. Wata mai tallan fura ta ajiye ƙwarya ta ja baya tana neman tsari. Wani tsoho ya ce ai ya gane ta, motar Alhaji Haruna ce, kuma shi ma marigayin haka yake, in ya fara magana ba mai tsayar da shi.

Amma Yaya ba wawa ba ne, kuma da injin gas yake cin abinci. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya dube ni, ya ce in buɗe bonet. Na fito na ce masa, a gaban mutane, da ladabin ƙane:

"Yaya, Iya ta ce kada ta mutu. Ni hannuna ba zai kashe ta ba. In kai za ka kashe, ga ta nan."

Ya zagaya ya ja mabuɗin bonet da kansa, ya ɗaga. Bai ɗauki lokaci ba ya ga jan hannun. A nan dabarata ta ƙare, Bakari, kuma na san ta ƙare. Duk lissafina na yi shi ne a kan makulli, ban yi a kan mutumin da ya san inji ba. Ya naɗe hannun riga. Na tsaya ina kallon tauraron da ka saya, ina tunanin ko Shu'ibu zai bar mini shi.

Sai ga hayaniya daga zaure. Mata biyu ne riƙe da Inna Bashira, Iya a bayansu. Ta rame ta zama kamar kara, idanu fari fat, amma kanta a miƙe yake wajen da sautin ke fitowa. An ce tun da muka tsaya ta hana kowa magana, ta ce a yi shiru, wannan motar Haruna ce. Aka ce mata Haruna ai ya daɗe da rasuwa. Ta ce ta sani, ba ta haukace ba, mota ta ce. Ita ce ta ɗauko ta daga filin jirgi a Kano da ta dawo Hajji, ta yi barci a baya tun daga can har gida, ba ta taɓa barci mai daɗinsa ba. Ta ce a fito da ita.

Suka kawo ta har jikin motar. Ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen tana jin rawarsa. Ta tambaya wa ke tsaye a gaba. Aka ce Abdulganiyyu ne. Ta ce Allah ya yi masa albarka da ya riƙe kayan ubansa bai bar shi ya lalace ba, ƴaƴan yanzu da tuni sun sayar wa ƴan gwangwan.

Bakina ya buɗe, Bakari. Wata huɗu ina cikin taɓo. Amma dillalin da ya san aikinsa ya san lokacin da ciniki ke faɗawa da kansa, ya kuma san in ya sa baki zai ɓata. Na rufe bakina da ƙyar, kamar mai rufe buhun da ya cika.

Yaya yana tsaye, hannunsa a sama da jan hannun nan, zafin inji yana dukan fuskarsa. Ya dubi Inna. Ya dubi Iya, ita kuwa tana gyara mayafi kamar ba ta wurin. Ya janye hannu, ya sauke bonet a hankali, ya danna har ya kama. Ya ce amin.

Inna ta ce a zagaya da ita gari. Sitiyarin motar nan in babu makulli kullewa yake, makulli kuwa yana hannun Yaya. Na miƙa hannu. Iya ta ce a'a, wanda ya zare shi ya mayar, shi zai ja. Haka aka yi. Tsofaffin biyu a baya, ni a gaba, Yaya yana tuƙi, muka bi ta bakin kasuwa da masallacin Juma'a da tsohon gidan iyayensu, Iya tana faɗa mata inda muke. Kafin mu dawo Inna ta yi barci a kafaɗar Iya. Muka tsaya a inuwa ba wanda ya tashe ta. Muka yi azahar muka yi la'asar, muka ci dambu, inji yana ta aiki a waje. Na juye jarka ɗaya, Yaya ne ya riƙe mini mazurari.

Da za mu juyo na nufi wajen direba, ya ce in bari, hannunsa ya riga ya saba. Iya ta ce in dawo baya in taya ta hira. To ka ji yadda na shigo Haɗejiya: a kujerar baya, gefen mai gida, gwiwar hannu a kan taga, babban wana yana ja na. Na roƙe shi ya bi ta kasuwar kifi saboda hanyar ta fi kyau. Ya san ƙarya nake, hanyar duk rami ce. Ya bi.

A ƙofar gida Iya ta sauka da kanta ba ta nemi hannu ba. Ta ce bayanta bai yi ciwo ba, mota ta zauna, sito kuma a gina shi a filin bayan gida inda ake ɗaure tumaki. Ta shige. Muka rage mu biyu da kar-kar-kar. Yaya ya murɗa makulli ya zare, ya miƙo mini ta kan kafaɗa, ya ce:

"Je ka kashe kayarka, ɗan banzan dillali. Ranar Juma'a kuma ina son ta."

Na fita na buɗe bonet, unguwa duk ta taru tana kallo. Injin da ya wuni yana aiki, Bakari, ba a kai masa hannu tsirara. Na sani, amma ba zan tsaya neman tsumma a gaban jama'a ba. Na danna, na riƙe har ta yi shiru, na rufe, na gaisa da mutane da hannun hagu a aljihu da murmushi a fuska. Sai da na shiga ɗaki na yi ihun a cikin matashi.

Saboda haka in ka ga rubutun nan ya karkace, yatsu biyu ne a naɗe da tsumma da man kaɗanya. Zulfa ta ce tabon ba zai ɓace ba. Na ce mata kada ta sa masa magani da yawa.

Iya tana sa maka albarka, Yaya ma ya ce a gaishe ka. A gaida Adila da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ubangidanka, mai Marsandi,
Badamasi Haruna